Wuyan da Ba a Sa wa Faifan Roba

A fadamar Argungu lokacin girbin shinkafa ake ganin aikin da wuya ke yi. Dami a ka, buhu a ka, itace a ka, daga gona har bakin titi. Ƙasusuwa bakwai ne kacal ke riƙe da wannan kaya, kuma daga na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da ɗan uwansa akwai faifan guringuntsi mai laushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Shekaru da nauyi suna busar da shi. Wani lokaci ya tsage, cikinsa ya ɓullo ta baya ya danne jijiyar da ke sauka hannu, ko ma ita kanta laka. An fi samun wannan tsakanin ƙashi na 5 da na 6, da kuma tsakanin na 6 da na 7.

Yawancin masu wannan ciwo ba sa kaiwa ga wuƙa. Magani da gashi sun ishe su cikin 'yan watanni. Ga wanda abin ya faskara, tsohuwar hanya ita ce wadda Smith da Robinson da kuma Cloward suka shimfiɗa a Amurka wajen 1958: a cire faifan, a cusa ƙashi a gurbinsa, ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya. Tana aiki sosai, sai dai gaɓar ta daina motsi ke nan. Binciken Hilibrand na 1999 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu kan samu matsala a gaɓar da ke maƙwabtaka cikin shekara 10, ko da yake har yau ana musu kan ko aikin ne ya jawo ko tsufa ne kawai. Daga nan sha'awar faifan roba ta ƙaru: ƙarfe biyu, galibi da roba mai tauri a tsakani, da ke barin wuya ya ci gaba da juyawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko a 2007, ta kuma yarda a 2013 a sa wani faifan mai suna Mobi-C a gaɓa biyu.

Labarin ya iso mu ta waya, kuma mai hali yakan shiga ofishin likita da ƙudurinsa a baki: "Likita, wanga na zamani nike so a sa min, ko Indiya ce in tafi." A nan ne gwanintar da nake yabo take farawa, tun ba a taɓa wuƙa ba.

Gwanin likitan ƙwaƙwalwa da laka yakan fara da tambaya: "Baba, wane yatsa ke mutuwa?" In babban yatsa ne, jijiya ta 6 ce, in na tsakiya ne, ta 7. Sai ya karkatar da kan mara lafiya ɓangaren ciwon, ya ɗan danna, ya ga ko zafin zai harba zuwa hannu. Ya ɗalli farcen yatsan tsakiya yana kallon babban yatsa: in ya zabura ya lanƙwashe, akwai alamar laka ta matsu. Ya ce mutum ya ɓalla maɓallin rigarsa, ya taka layi ɗaya diddige na taɓa yatsu. Bayan haka ne zai ɗaga hoton MRI, tare da hoton ƙashi guda biyu, ɗaya an sunkuyar da kai, ɗaya an ɗaga. In ƙashi ya zame a kan ɗan uwansa fiye da milimita 3.5 tsakanin hotunan, magana ta ƙare. Gaɓar da ke rawa ɗauri take buƙata, ba ƙarin motsi ba.

Haka yake bi yana cire mutane ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi, ƙarfen zai nutse a ciki. Ɗan dakon da ƙananan gaɓoɓin bayan wuyansa suka cinye, faifan roba ba ya kai wa can, kuma motsin da zai dawo da shi shi ne zai dawo masa da ciwo. Wanda faifansa ya riga ya lotse fiye da rabi, ƙashi ya yi tsiro ya kusa haɗe kansa, ba sauran motsin da za a ceto. Wanda gaɓa uku ko huɗu suka lalace ya wuce abin da aka gwada aka tabbatar. Ciwon wuya zalla, ba tare da danne jijiya ba, ba dalilin aikin ba ne ko kaɗan. Sannan ga abubuwa biyu da ake yawan gani a asibitocinmu: karayar wuya daga hatsarin kabu-kabu da mota, da tarin fuka da ke cin ƙashin baya. Duka biyun ba a kusantarsu da wannan faifai. In ka tace, wanda ya rage shi ne mai matsakaicin shekaru, mai ƙashi lafiyayye, gaɓa ɗaya ko biyu. Mutumin da ya shekara 40 yana ɗauko dami daga fadama ba kasafai yake faɗawa cikin wannan rukuni ba.

In an samu wanda ya dace, aikin hannun kansa abin kallo ne. Ta gaba ake shiga, a yanka bisa layin fatar wuya don tabon ya ɓoye. Likita yakan sa yatsa ya ji bugun babbar jijiyar jini, ya ture ta gefe, ya ture maƙogwaro da hanyar abinci ɗaya gefen, sai ga ƙashi a fili ba tare da an datse naman kirki ba. Nan kusa jijiyar murya take, shi ya sa wasu kan tashi da dishewar murya ko wahalar haɗiya na ɗan lokaci. Yana kankare faifan har sai jijiya ta saki, amma ba ya zurfafa goge fuskar ƙashi, don a kanta ƙarfen zai zauna. Dole ya zauna daidai tsakiya, ana duba na'urar hoto a kai a kai. Sai a wanke garin ƙashi tas, domin babban abokin gabar wannan aiki shi ne sabon ƙashi da kan tsiro ya kewaye faifan, har a wasu mutane ya daskarar da shi. Mutum ya biya kuɗin motsi da dala, ya ƙare da gaɓa a haɗe.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan Birnin Kebbi, wanda ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta garin, shi ne jigon kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda aka horar da likitoci da dama, kuma can ake tura masu irin wannan lalura daga Argungu da kewaye. Wanda ya je waje aka sa masa faifan ma, hannun irin waɗannan likitoci zai dawo, don ƙarfe da roba suna goguwa, kuma ana bibiyarsu da hoto shekara da shekaru. Kafin a sayar da gona a sayi tikiti, gara a fara kai musu hotunan nan biyu, na sunkuyo da na ɗagowa, su duba.