Malamin Da Ya Ajiye Alli Ya Ɗauki Alƙalami

Ku 'yan makarantan ƙasar Gumel, ku sani Malam Abubakar Imam malamin aji ne a Midil ta Katsina. Da aka sa gasa a 1933 ya gwada, ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1936 ya tafi Zariya wurin Dokta East, ya shiga aikin da bai saba ba, ya yi Magana Jari Ce. A ganinmu, labaran littafin farko ba su riƙe juna sosai ba. A na biyu kuwa aku ya ɗaure su tamau, har hikayoyin Larabawa da na Turawa suka zama kamar haifaffun ƙasar Hausa. To, da ya tsaya inda ya saba, me za ku karanta?