Tausa ta bar tsakar gida ta koma shago

A gidanmu, da an idar da sallar isha'i kakata takan miƙe ƙafa a kan tabarma ta ce, "Kai ɗan nan, zo ka matsa mini, yau ƙafafun nan kamar ba nawa ba." Sai in lakuto man kaɗanya a ɗan gwangwaninta, in murza shi a tafin hannu har ya narke, in fara daga diddige in haura sha-raɓa. Ranar da baya ne ya riƙe, ƙanena ake ɗorawa, shi da bai wuce shekara biyar ba, ya tattaka yana dafe da bango. Ba wanda ya taɓa kiran abin magani. Amma kafin in wanke hannu tsohuwa ta yi barci.

Yau tausa ta zama sana'a mai allo da fitilu. A Kano da Kaduna da Abuja wuraren gyaran jiki sai ƙaruwa suke, ana tallarsu a Instagram da TikTok, ga kuma 'yar na'urar nan mai caji da ke bubbuga tsoka. Ina murna da hakan, musamman ganin yawan matan da suka sami abin yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda tausa ke neman zama kayan gata, abin da ake yi wa amarya ana gobe biki, ko mai hali ya yi sau ɗaya a shekara, alhali waɗanda jikinsu ya fi bukata ba su ma san da su ake ba.

Dubi ɗan dako a Kantin Kwari da dila a ka tun safe. Dubi mai adaidaita sahu da ya wuni a dunƙule yana shan gargada, da tela a kan keke har dare a watan azumi, da matar da ta yi surfe ta yi wanki da goyo a baya. Da yamma ina suke nufa? Kemis. A ce a ba su maganin gajiya, a haɗo musu ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, sau da yawa da diclofenac ko ibuprofen a ciki. Magunguna ne masu amfani idan an sha su bisa ƙa'ida, amma wanda ya mayar da su abin sha kullum, wani lokaci ma ciki babu komai, yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Wannan ne ya sa na ɗauki zancen tausa da zafi.

Ba kuma zancen tsofaffi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da gadon baya a 2020, kuma babu ciwon da ya fi shi hana mutane aiki. A 2017 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa ga sabon ciwon baya a fara da abin da ba ƙwaya ba, ta ambaci gashi da ɗumi, ta ambaci tausa. Gashi da tausa, abin da iyayenmu ke yi da tsumma da ruwan zafi! Hannu idan ya bi tsokar da ta ɗaure sai ta saki, wurin ya yi ɗumi, numfashi ya lafa, barci ya zo da sauƙi. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa, kwanaki ne ya gushe. Shi ya sa minti goma a tsakar gida duk bayan kwana biyu ya fi mini awa guda a shago sau ɗaya a shekara.

Malamanmu na da ma sun san haka. Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, ya rarrabe tausa mai ƙarfi da mai taushi, da wadda ake yi kafin motsa jiki da ta bayansa. Da Larabci ya kira ta dalk, kuma daga nan sunan dilka ya fito, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Borno. Jarirai ma tausa na yi musu amfani. A 1986 wata mai bincike a Amurka, Tiffany Field, ta nuna bakwainin da aka riƙa shafa su a hankali minti 15 sau uku a rana sun fi sauran saurin ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari. Ungozoma ba ta san lissafin ba, amma ta san shafa mai bayan wanka.

Inda nake rabuwa da wasu masu tallar tausa shi ne alkawarin da ya wuce gona da iri. Tausa ba ta warkar da ciwon suga, ba ta maye gurbin maganin hawan jini, ba ta narkar da teɓa. Akwai ma inda take da haɗari. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman ga mai jego ko wanda aka yi wa tiyata, tana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma matsa shi na iya tura shi huhu. Wannan asibiti ake kai shi nan take. Karaya da sabon targaɗe ba a murza su. Matse nonon jariri da wasu ke yi don wai a fitar da ruwa yana jawo ƙurji. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa likitan gashi yake bukata, irin waɗanda ke asibitin ƙashi na Dala, ba hannun kowa ba.

Kakata ta rasu da daɗewa, yanzu mahaifiyata ce ke miƙe ƙafa bayan isha'i. Na fara zaunar da ɗana kusa da ni, ina nuna masa yadda ake bin tsoka a bar ƙashi. Daren jiya ya karɓi ƙafar hagu ni ina ta dama. Hajiya ta ce masa, "Maigidana, ɗan ƙara dannawa nan wajen idon sawu, yauwa, Allah ya yi maka albarka."