Ranar da Kwamando ya zama bos

Dokar kallon fim a zaurukan Tudun Wadan Zariya, zamanin kaset ɗin bidiyo, ba ta da wuya: akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa. Ba kowa ke jin turancin Amurkawa ba, don haka da wannan ma'auni ake auna duk kaset ɗin da aka hayo. Fim biyu na James Cameron ne suka yi wa dokar kaca-kaca, wato Terminator na 1984 da na biyunsa na 1991.

Matsalar daga Arnold Schwarzenegger ta taso. Wa zai wahalar da harshensa da wannan suna? Kwamando ake ce masa, saboda fim ɗinsa na 1985, kuma kowa ya san shi jarumi ne. To, kaset ba ya bin tsarin shekara, wanda ka tarar a shagon haya shi za ka ɗauko. Da yawanmu na biyun muka fara gani, inda yake kare yaro John Connor. Da na ɗayan ya zo hannu, sai ga shi yana farautar uwar yaron, Sarah, yana harbe 'yan sanda a ofishinsu. Zaure ya kaure da gardama. Wani ya rantse tagwaye ne. Mai bayani, wanda ya riga kowa gani, ya ce asiri aka yi masa.

Ban ɗauki wannan a matsayin jahilci ba, fassara ce. Skynet, kwamfutar da ta juya wa mutane baya, da turo mutum-mutumi daga shekarar 2029, duk a baki aka faɗe su, mu kuwa ido muke bi. Abin da ido ya gani a na biyun shi ne bos, Robert Patrick, cikin kayan ɗan sanda yana narkewa kamar dalma, ya ratsa ƙarfen ƙofa, ya ɗauki siffar wanda ya taɓa. Wanda ya tashi da tatsuniyar dodo da labarin aljanu ai bai ga baƙo ba. Mai rikiɗa ne, harsashi ba ya cinsa, kamar ɗan tauri da wuƙa.

Kaset ya taimaka wa wannan karatu. A silima, abin da ya wuce ya wuce. A zaure kuwa sai an mayar da wurin narkewar baya sau biyar, har zaren ya tauye, hoto ya riƙa yayyafi. Nepa ta ɗauke, a ci gaba da musu a duhu.

Ƙarshen na biyun ne dai ya gagari fassara. Bos ya halaka, akta ya ci nasara, amma ya sa a zura shi cikin narkakken ƙarfe, babban yatsansa a ɗage. An daɗe ana zuwa shagon haya tambayar na uku, wanda bai fito ba sai 2003, lokacin faifan sidi ya fara korar kaset.