Dara: Wasan da Tsufa Ba Ya Ƙwacewa

Kusan duk wasan da Bahaushe ya gada yana sallamar mai shi tun bai shirya tafiya ba. Ɗan kokawa da ya doshi arba'in ƙugu zai fara yi masa gardama, ɗan dambe hannunsa ya yi sanyi, langa kuwa ko magidanci ba ya yin ta, balle mai furfura. Haka abin yake har a Amurka. Mutum zai tashi da son besbol, wasan nan nasu na ƙwallo da sanda, ya buga shi tun yana yaro, amma ranar da ya ajiye aiki abin da ya rage masa sai kujera a filin wasa ko gaban talabijin, da fensir a hannu yana rubuta makin da 'ya'yan wasu suka ci. Dara ce take ƙara kyau a hannun mutum yayin da gwiwa ke mutuwa. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ya ratsa Bodinga ya nufi Shagari, in ya rage gudu bayan la'asar zai ga shaida: dattawa biyu a gindin dogon yaro, sun tasa ƙasa a gaba, kawuna a sunkuye, wasu sun kewaye su tsit.

Da yawa cikinsu tsofaffin ma'aikata ne. Dokar aikin gwamnati ta ce mutum ya sauka in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, wata dokar ta 2022 kuma ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 ko 40. A wannan yanki in aiki ya ƙare gida ake komawa, kuma ba ƙananan ma'aikata kaɗai ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda da koyarwa ya fara kafin siyasa, da aka hamɓarar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamba 1983 aka tsare shi har 1986, garinsu ya koma, can kuma aka binne shi a Disambar 2018. Tsohon hedimasta ko malamin gona da ya dawo gida ranarsa a tsare take: asuba masallaci, da hantsi ya leƙa gona ko fadamar albasa, ya zuba wa ragon da yake kiwo dusa, ya saurari labaran rediyo, ya raba faɗan jikoki. Sai rana ta yi sanyi sannan ya jawo buzunsa zuwa majalisa, inda abokin karawarsa na tun samartaka ya riga ya share wuri.

Ba darar nan mai gurabe 12 da ake zuba tsakuwa hurhuɗu nake nufi ba, wadda Yarbawa ke kira ayo. Wannan gurabenta 30 ne, layi biyar kowane da gurbi shida, ana tona su a ƙasa da ɗan yatsa ko dunduniyar hannu. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya kakkarya kara ko tsinke, don kada a rikita na wane da na wane. Ba a sayen komai, ba a ajiye komai. In an tashi, iska da kofaton akuya su share wurin, gobe a sake tonawa.

Wasan hawa biyu ne. Da farko a kasa: wannan ya ajiye ɗa ɗaya a gurbin da ya ga dama, wancan ya ajiye, har 'ya'ya 24 su zauna, gurabe 6 su rage fayau. A lokacin kasawa ba a yarda ka jera uku ba. Sai a shiga tafiya: kowa ya matsar da ɗa ɗaya zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace, ban da tsallake. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tunda biyu ba su jera uku. Ke nan sai ka ci mutum sau goma kafin ka gama da shi, in bai miƙa wuya tun kafin nan ba.

Yaro ɗan firamare zai haddace wannan kafin shayi ya huce. Abin da ba zai gane ba sai ya sha kaye shekara da shekaru shi ne, dara a wurin kasawa ake cin ta. Sabon shiga yana ɗokin a fara tafiya, sai ya riƙa jefa 'ya'yansa duk inda ya ga fili, ko ya bi abokinsa yana toshe duk inda ya ajiye biyu. Gwani kuwa a nan yake kashe rabin lokacin wasan. Zai riƙe tsinke a tsakanin yatsu ya daɗe bai ajiye ba, kuma ba 'ya'yan da ke ƙasa yake kallo ba. Guraben da za su rage yake ƙirgawa. Su shidan nan su ne hanyoyin garin, duk wanda 'ya'yansa suka fi kusa da su shi ke da tafiya. Za ka ga mutum yana da 'ya'ya 12 cif amma tara a cushe suke ba inda za su motsa, sauran ukun kuma duk wanda ya ɗaga ya buɗe wa abokin gaba ƙofa. An riga an ci shi, sai dai bai sani ba tukuna.

Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan, ko da yake dattawan ba da alƙalami suka same shi ba. Gurabe 4 na kusurwa maƙwabta biyu-biyu gare su, 14 na gefe uku-uku, 12 na ciki kuma huɗu-huɗu. Wuraren da za a iya jera uku a filin gaba ɗaya 38 ne, 20 a kwance, 18 a tsaye. Gurbin kusurwa biyu kaɗai yake shiga cikinsu, amma gurabe biyun da ke tsakiyar fili kowanne yana shiga shida. Shi ya sa hannun farko yakan faɗa tsakiya. To amma tsakiya kowa na iya kai maka ziyara ta fuska huɗu, gefe kuwa bayanka a rufe yake. Gwani yana kama tsakiya don ya shaƙe abokin karawa, gininsa na gaske kuma a gefe yake yin sa a ɓoye.

Wannan gini shi ne doki, kuma shi ne burin kowane ɗan dara. A ce kana da 'ya'ya biyu a jere a layin gefe, da wasu biyu a jere a layin da ke bi masa, kana kuma da na biyar a gurbin da in ya hau sama ya cike na sama su zama uku, in ya sauko ya cike na ƙasa. To ka hau doki. Kowane taku ci ne: sama ka ɗauke ɗaya, ƙasa ka ɗauke ɗaya, abokinka yana kallo 'ya'yansa na ƙarewa. Maganinsa ɗaya, ya cusa ɗansa a gurbin da dokin ya bari kafin ya dawo. Mai doki ya san haka, saboda haka duk cin da ya yi, ɗan da ke kusa da gurbin nan yake ɗaukewa. A nan ake gane wanda ya iya. Ɗan koyo in ya ci, sai ya ɗauke ɗan da ya fi ba shi tsoro, wato wanda ke shirin jera uku. Gwani wani lokaci zai bar ka ka ci ɗaya, ya ɗauke wani can da kake ganin ba ya aikin komai, sai bayan taku uku ka gane shi ne mai gadin ƙofa.

Na taɓa tsayawa kan wani tsohon malamin lissafi yana karawa da saurayin da ya dawo hutu daga jami'a. Saurayin ya fara ci, ya sake ci, har ya gyara zama yana murmushi. Tsohon bai ce uffan ba, goro kawai yake tauna, yana jan wani tsinke ɗaya daga gefe, taku ɗaya, taku ɗaya, kamar mai kora tunkiya gida da yamma. Da tsinken ya iso inda zai iso, sai ya ɗago kai.

"Ɗana, mi kaka jira? Taho mana."

Saurayin ya duba dama, ya duba hagu, ya sa hannu kan tsakuwa ya janye.

"Baba, ai ba inda zan taka ban ba ka doki ba."

"Awo. Tun wurin kasawa ka ba ni shi."

'Ya'ya biyun da saurayin ya ci, ba shi su aka yi. Kowane ɗaya da ya ɗauke ya buɗe gurbi a daidai inda tsohon ke buƙatar hanya. A dara yawan 'ya'ya ba shi ne ƙarfi ba, sarari shi ne ƙarfi, kuma mutum yana iya sayen sarari da ɗansa.

Wani ɓangaren gwanintar a fuska yake. Ɗan dara ba ya kallon inda zuciyarsa take. In gininsa na hagu, idonsa na dama, har ya yi tsaki ya girgiza kai kamar wanda ya yi kuskure. Wasu da surutu suke yaƙi, su yi ta zolaya da kirari har abokin karawa ya hasala ya taka da fushi, wasu kuwa shirunsu ne ke firgita mutum. 'Yan kallo ma da ladabinsu: ka gani ka yi shiru. Wanda ya yi gyaran murya ko ya nuna gurbi da leɓe zai sha faɗa, ko da kuwa sa'an mai wasan ne. Sai an tashi sannan baki ke buɗewa, a mayar da 'ya'ya inda suke taku biyar baya, a yi ta gardamar inda aka ɓata. Abin mamaki, dattijon da zai manta inda ya ajiye tabarau zai mayar maka da kowane tsinke gurbinsa ba kuskure.

Ba kowa ke ganin dara da mutunci ba, kuma dole a faɗa. Ƙasar nan ta malamai ce. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Inda aka gaji irin wannan karatu, duk abin da zai zaunar da magidanci ya shagala sai an yi masa tambaya. Masu suka suna cewa zaman banza ce, tana kai ga caca, tana sa a makara salla. Inda aka sa kuɗi, ko matashi mai ƙarfi ya bar gona da damina ya zauna tonon gurbi, ina bayansu. Amma majalisar dattawan da nake magana a kai ladan yana ɗaga murya za ka ga an bar 'ya'ya yadda suke an nufi buta. Uwargida ma ta san inda za ta aika yaro in tuwo ya sauka, ta kuma san cewa tsohon da ya fita ya yi dariya da sa'o'insa ya fi sauƙin zama da wanda ya wuni a zaure yana lissafin fanshon da bai zo ba.

Wasan ba na Sakkwatawa kaɗai ba ne. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da shi, har sunansu ya shiga littattafan wasanni na Turawa. Zabarmawan Nijar suna kiransa dili. Turawa ma suna da ɗan uwansa mai matsayi 24 da 'ya'ya tara-tara, shi ma kasawa ce sannan tafiya, jera uku kuma ci. Nasu har kwamfuta ta bi diddiginsa: a 1993 wani masani a Suwizalan, Ralph Gasser, ya tabbatar da cewa in duka biyun ba wanda ya yi kuskure canjaras za a tashi. Sun rubuta nasu, sun ƙididdige shi, sun sa shi a waya. Namu yana cikin kawunan mutanen da suka haura sittin, kuma ƙa'idojinsa suna ɗan sauyawa daga gari zuwa gari: wani wuri ba a ɗaukar ɗan da ke cikin jerin uku, wani wuri haramun ne ma ka jera huɗu, wani wuri an yarda sai dai ba ci.

Samarin yanzu sun fi karkata ga ludo da daraf da kallon ƙwallon Turai a gidan kallo, ba kuma laifinsu ba ne, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu abin da ke cikin gurabe 30. Ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari suna da makarantu, suna da tsofaffin malaman da suka iya koyarwa suka kuma iya dara, ga su nan zaune ba a tambayarsu komai. A kira su su daidaita ƙa'ida su rubuta ta da Hausa, a sa gasa tsakanin makarantu bayan kaka, a ba su alƙalanci. Kayan aikin duka tsakuwa 12 ne da kara ɗaya, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.