Karatun Tauhidi a Zaure da Iyakar Hankali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga wannan abu. Marini zai tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, ya jujjuya shi, ya tsamo. Sa'ad da ƙyallen ya fito ba shuɗi ba ne, kore-kore yake da ɗan ratsin rawaya. Sai ya sha iska tukuna, a gaban idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Rano tsohuwar ƙasar rini ce, a labarin Bayajida ma ita da Kano ake kira sarakunan baba. To wanne ne ainihin launin baba, na cikin rami ko na bayan shan iska? Marini bai damu da amsa ba, aikinsa na tafiya. Amma a zaurukan malamai akwai fannin da irin wannan tambaya ce abincinsa, wato ilimin Tauhidi.

A Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Kano, ɗalibin da ya shiga karatun littattafai yakan fara da Ƙawa'idi, ya haddace siffofin Allah ashirin wajibai da kishiyoyinsu korarru. Mai himma yakan zarce zuwa Ummul Barahina na Shehu Muhammadu Sanusi, malamin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma ya ratsa Afirka ta Yamma har Fulani suka yi masa sharhin baka da harshensu, suna kiransa Kabbe.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne inda yake farawa. Kafin a ce uffan game da Ubangiji, sai an zaunar da ɗalibi a kan abin da hankali zai iya yankewa: wajibi, wanda hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, wanda ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwa da rashi duk suka halatta gare shi. Ana gwada mudu kafin a fara awo ke nan.

Sai kuma hukuncin al'ada, wanda a nan ne karatun yake da daɗi. Malam zai ɗaga wuƙar fiƙe alƙalami ya tambayi almajirai, "Wannan tana yanka?" Su ce tana yanka. Ya ce, "Me kuka gani? Kun ga wuƙa ta hau kara, kun ga kara ya rabu. Ina kuka ga ƙarfin da ya raba shi?" A wurin Sanusi da malaman mazhabarsa ta Ash'ariyya, wuta ba ta ƙonewa da ikon kanta, abinci ba ya ƙosarwa da ikon kansa. Allah ne ke halittar ƙuna a yayin haɗuwar wuta da auduga, mu kuwa maimaituwar haɗuwar muka saba gani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da wannan misali na wuta da auduga ya ƙalubalanci masana falsafa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai ga zaure yana tuhumar ganin kansa.

Ƙarnuka bayan haka wani ɗan Sukotlan, David Hume, ya iso kusan wannan matsaya ta wata hanya dabam, har ta hana wani Bajamushe sakat. Wannan Bajamushe, Immanuel Kant, mutumin birnin Konisbag, ya fitar da babban littafinsa kan binciken tsantsar hankali a 1781, ya sake gyara shi a 1787. Amsarsa ta wuce batun launin baba nesa. Ya ce wuri da lokaci su kansu, da dangantakar sababi da abin da ya haifar, ba daga waje muke ɗebo su ba. Su ne ƙirar da hankalin ɗan Adam yake zuba duk abin da ya riska a ciki. Kamar mai yin tubali ne da ba ya taɓa ganin laka sai bayan ta fito daga ma'auni. Saboda haka abin da muka sani shi ne abu yadda ya bayyana gare mu. Zatin abin, yadda yake shi kaɗai ba tare da mai kallo ba, wannan ƙofa a rufe take.

Kunnen ɗalibin zaure ba zai ji wannan baƙo ƙwarai ba. Ya saba da zahiri da baɗini, da zati da sifa. A farkon littafin Risala ya karanta cewa ana yin tunani cikin ayoyin Allah, ba a kutsawa cikin hakikar zatinSa. Amma kada a yi gaggawar ɗaura musu aure. Sanusi ya tsaya ƙyam cewa hankali yana iya tabbatar da samuwar Mahalicci: duniya fararriya ce, kowane fararre kuwa sai da mai farar da shi. Kant ya ce dokar sababi tana aiki ne cikin iyakar abin da ake riska kawai, ba za a haura da ita zuwa bayan duniya ba, don haka ya mayar da batun Ubangiji ɓangaren imani da ɗabi'a. Ni ina ganin Sanusi ya fi shi bai wa hankali amana a babban al'amari, shi kuwa Kant ya fi ba shi amana a ƙananan, tunda a wurinsa sababi dole ne cikin duk abin da muke gani, ba sabo kawai ba.

Kant ya mutu a Fabrairun 1804, watan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Shehu ya san wannan fanni sarai, kuma ya yi rubutu yana tsawatar wa wasu ɗaliban Tauhidi da suka riƙa kafirta talakawa don ba su iya jero hujjoji ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa a wannan shekara ya kuma rasu a 1864, ya rubuta littattafai kan falsafa da matakan samuwa a garin Salame. Gadon namu ne, ba aro ba.

Damuwata ita ce yadda karatun ya koma hadda. Yaro zai rera siffofi ashirin ba tuntuɓe, amma da wuya a ɗaga masa wuƙar nan a tambaye shi me ya gani. A jami'a kuma ana koyar da Hume da Kant da Turanci kamar tambayar ba ta taɓa kwana a ƙasar Hausa ba. Matashin da ya taso daga Kibiya da safe zuwa aji a Jami'ar Bayero yakan wuce ƙofar zauren da ake karanta Ummul Barahina, takalman almajirai jere a waje, littafin Kant na cikin jakarsa.