Faifan Magma Na 1973 A Ma'aunin Kiɗan Fada

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin ɗalibai, wai kiɗan Hausa ba zai ci gaba ba sai an cusa masa jita da fiyano da sauran kayan kiɗan Turawa. Kafin mu amince ko mu ƙi, ya kamata mu duba yadda su Turawan suka yi da suka tashi gauraya nasu. Misalin da za mu ɗauka shi ne faifan da ƙungiyar Magma ta ƙasar Faransa ta fitar a 1973, mai suna Mekanïk Destruktïw Kommandöh.

Wani makaɗin ganguna, Christian Vander, shi ya kafa ƙungiyar a birnin Faris cikin 1969. Kiɗansa yana da tushe uku. Na farko jaz na baƙar fatar Amurka, musamman busar John Coltrane, wanda rasuwarsa a 1967 ta girgiza Vander ƙwarai. Na biyu kiɗan manyan mawaƙan Turai masu tara muryoyi da yawa, irin su Carl Orff da Stravinsky, wanda a 1923 ya fito da kiɗan bikin auren ƙauyen Rasha da fiyano huɗu da ganguna. Na uku kuwa kiɗan rok mai amfani da lantarki.

Ta fuskar zubi da tsari, faifan aiki ɗaya ne mai kusan minti 40. Ganga ce ke jan ragama. 'Yan amshi maza da mata suna riƙe da 'yar gajeriyar jimla suna ta maimaita ta, ana yi mata ƙari kaɗan-kaɗan, murya na hawa kan murya, har kiɗan ya kai maƙura. Duk wanda ya tashi a Wurno ko Rabah ko Goronyo, kunnensa ya saba da kotso da taushi a ƙofar fada ranar Salla, wannan tsari ba zai zame masa baƙo ba. A saurari waƙoƙin da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah: jagora ya kafa gindin waƙa, ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, a komo gindi, kotsanni na riƙe da kowa.

A nan ne Vander ya ci nasara. Ya lura cewa abin da ya haɗa tushen nan uku shi ne maimaici, sai ya yi gininsa a kai. Har jitar Jannick Top mai kaurin murya aikin ganga take yi. Shi ya sa mai sauraro ba ya iya nuna inda jaz ya ƙare, kiɗan Turai ya soma.

To, amma akwai rauni, kuma babba ne. Vander ya ƙirƙiri harshensa na kansa, mai suna Kobaïan, wai harshen wasu mutane da suka gudu daga wannan duniya suka koma wata mai suna Kobaïa. Jigon faifan gargaɗi ne ga 'yan'adam game da ɓarnar da suke yi, amma mai sauraro ba zai gane haka ba sai ya karanta bayani. Masu kare shi suna cewa murya ta zama kayan kiɗa, Bafaranshe da Bajapane daidai suke ji. Akwai ƙamshin gaskiya, domin har a Japan an sami ƙungiyoyi irin su Ruins da suka bi sawunsa. Duk da haka, ina amfanin gargaɗin da wanda ake yi wa bai fahimta ba? A wurin Bahaushe waƙa magana ce. Abin da ya ɗaukaka Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi azanci ne da kirari da zambo da habaici, waɗanda manomin fadamar Rima yake ji ya gyaɗa kai ba tare da tafinta ba.

Saboda haka, 'yan'uwa masu sha'awar gauraya kiɗa, darasi biyu ke nan. A koyi haƙurin Vander wajen neman abin da ya haɗa kiɗanmu da na baƙi kafin a ɗaura musu aure. Sa'an nan a tuna shi ya 'yantar da kansa daga ƙa'idar harshe, mu kuwa ba mu da wannan dama. Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da kukar miya. In aka tilasta wa kalma bin karin fiyano, ma'ana ta tafi. Kotso ya san wannan, shi ya sa yake bin bakin mawaƙi. Duk kayan kiɗan da zai shigo mana, sai ya yarda ya yi wannan biyayya.