Wai, An Ce, Kowa Ya Sani

Na koma gida Lugu ranar Talata, saura kwana biyar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, wanda aka yi ranar Lahadi 21 ga Fabrairu 2021 tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane. Kartina ta zaɓe can take, shi ya sa. Na tafi da kaye sabo da niyyar in zauna da tsofaffi in rubuta kalmomin Arewanci don aikin makaranta. Ko shafi uku ban cika da wannan ba. Tun cikin mota daga Yamai, zuwa tashar Dogon Dutsi, zuwa bayan ɗan kabu-kabun da ya kai ni gida, magana ɗaya ake yi, har na gaji na ce to, tunda ita ce ke bakin mutane, bari in rubuta ita. Abin da zan yi nan sukar wannan surutu ne kamar yadda muke sukar waƙa ko wasan kwaikwayo a taronmu na Asabar, kuma ina cikin waɗanda zan soka.

Ku fara duba sunayen jam'iyyunmu na 2021. Kowace tana da kai na Faransanci da wutsiya ta harshen gida, kuma wutsiyar ce ke da rai. Ba wanda ke cewa PNDS ko MNSD a ƙauye. Tarayya ake cewa, da Nassara, da Lumana, da Rahama, da Gaskiya, da Jama'a, da Kishin Ƙasa, kamar yadda kakanninmu suka ce Sawaba zamanin Djibo Bakary. Wadda ta fi ba ni daɗi ita ce Zaman Lahiya, da «h» irin ta bakinmu na yamma, alhali wanda ya kafa ta, Moumouni Adamou Djermakoye, Bazabarme ne na Doso. Ita kuwa RDR ta Ousmane, da ake rubuta wa Tchanji da haruffan Faransawa, canji ne dai, kalmar Turancin Ingila da ta daɗe da zama Bahausa, wadda ta yi wa Buhari aiki a 2015. Tazarce ma daga can ta tsallako: an yi wa Abacha ita a 1998, aka yi wa Tandja a 2009. Iyaka ba ta tare kalma.

In ka jera sunayen nan sai ka ce addu'ar suna ce ake yi: lumana, rahama, zaman lahiya, tarayya. To a makon ƙarshe ban ji ko ɗaya an ɗauke ta da ma'anarta ba. Ba wanda ya tambayi ɗan Tarayya tarayyar me, da wa, ba wanda ya tambayi ɗan Canji mene ne za a canza, da me. Sunayen sun zama kamar rigunan ƴan ƙwallo, launi ne kawai na gane naka.

Kalmar da ta yi sarauta a makon nan ƙarama ce, harufa uku: wai. A aji an koya mana aikinta. Mai magana yana sa ta ne don ya ce: ji na yi, ban gani ba, kada a kama ni. Kalma ce ta ladabi da tsoron Allah, in an bar ta a wurinta. Amma na bi saƙon murya ɗaya na WhatsApp, wanda muke kira vokal, na ga yadda take zubewa a hanya kamar gero daga buhu mai huda. Ranar Laraba wani yaro ya dawo daga Dutsi da shi cikin wayarsa, don rezo a wurinmu sai an yi sa'a. Mai vokal ɗin, wanda ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba, ya fara da «wai an ce Bazoum ba a ƙasar nan aka haife shi ba». Da daddare a fada, ana dafa shayi na biyu, wanda ya ba da labarin ya ce «an ce». Ranar Alhamis bakin rijiya na ji wata innata na faɗa wa abokiyar ɗibarta: «Ke, ba ki jiya ba? Ashe mutumen ga ba ɗan ƙasa ba ne.» Ranar Juma'a bayan masallaci, da na tambayi wani yayana wa ya gani, sai ya dube ni kamar na zage shi ya ce: «Kai ɗan lakkal, mi kaka nema? Wanga kowa ya san shi.» Kwana uku ke nan daga wai zuwa kowa ya sani, kuma ko hujja ɗaya ba ta ƙaru a tsakani ba. Yawan bakunan da suka maimaita shi ne ya zama hujjar.

Maganar tana da gindi na doka, kada a ce na ɓoye. Tsarin mulkin 2010 ya ce mai neman shugabanci sai ɗan Nijar na asali, kuma wasu ƴan takara sun kai ƙara kotun tsarin mulki kan takardun zama ɗan ƙasa na Bazoum, kotun ta kori ƙarar. Mutum na iya cewa bai gamsu da kotun ba, musamman da ita ce ta hana Hama Amadou tsayawa a Nuwamba 2020 saboda hukuncin da ke kansa. Wannan gardama ce ta takarda da alƙali, ana iya yin ta da hankali. Sai dai a fada ba takarda ake nufi ba. Ba wanda ya taɓa ganin takardar, mafi yawanmu ma tamu takardar haihuwa sai da za a sa mu lakkal aka yi ta, aka kintaci shekarar. Abin da ake nufi fata ce da hanci. Balarabe ne, shi ke nan. Cewa danginsa Awlad Sulaiman suna yankin Difa da Tasker tun kafin a san wata ƙasa mai suna Nijar, wannan bai shiga vokal ba.

Nan ne abin ya tsaya mini a wuya, don a duk faɗin ƙasar nan ban san inda kalmar «ɗan ƙasa» take da nauyi kamar Arewa ba, kuma ban san inda ya kamata a fi jin kunyar wasa da ita kamar Lugu ba. A wurinmu ƴan ƙasa ba masu karti ba ne. Su ne Gubawa, waɗanda suka fara sare daji suka yi alkawari da shi, masu riƙon Lugu da Bagaji. Tsofaffinmu na cewa Sarauniya ta farko, wadda ake kira Ƴar Ƙasa, daga Daura ta taso da mutanenta da dutsen Tunguma, har suka tsaya nan. Ku ji fa: mai sunan Ƴar Ƙasa ita kanta tahowa ta yi. Sarautar Arewa kuwa, tarihin baka ya ce daga ɗan sarkin Barno mai suna Ari ta fito, baƙo da ya sauka aka ba shi ɗiyar ƴan ƙasa, jikokinsa suka zama sarakuna, ƴan ƙasa suka riƙe ƙasa da tsafinta. Kakanninmu sun raba aikin gida biyu, suka ba ɗan baƙo rawani, ba su ga abin kunya ciki ba. Ɗan Ba'are da ke ihu a fada cewa baƙo ba ya mulkin ƴan ƙasa, bai san gidansu yake rushewa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa. Mu ƴan Lugu mun san ɗanɗanon a ce maka ba namu ba ne. Kakata ta mutu ana ce mata arniya. Ni kaina, da nake salla tun ina yaro, in na faɗi sunan garinmu a Yamai, akwai mai ja da baya kaɗan, akwai mai dariya ya ce in yi masa magani. Sunan Sarauniya Mangu kowa na so: ita ce ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Afrilu 1899, Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, ana sa sunanta kan makaranta da gidan rediyo, ɗan siyasa kuwa in ya shigo Arewa ba ya mance ta cikin jawabi. Jikokinta masu rai ne ake tambaya ko su ma mutane ne irinmu. Wanda aka yi wa wannan, in ya juya ya yi wa Balaraben Tasker, to ban san abin da ya koya ba.

Kada ƴan Tarayya da ke karanta wannan su gyara zama, nasu na zuwa. Su ba su yi amfani da wai ba sosai, sun yi amfani da «an riga an gama». Tun zagaye na farko na 27 ga Disamba ake ta kirarin bugu ɗaya, wanda suke cewa ku KO, kalmar ƴan dambe, kamar zaɓe fage ne da ake kayar da mutum a taka shi. Bugun bai kayar ba, kashi 39 cikin ɗari aka samu, Ousmane na da kusan 17. Da Seini Oumarou da Albadé Abouba suka koma wajen Bazoum, sai maganar ta zama lissafi: ku tara namu da nasu, me ya rage? Wani kawuna mai ɗan hannu da shuni ya ce mini: «Ɗana, mai mulki ba ya hwaɗuwa. Ka bi inda ruwa za su, kar ka sha rana banza.» Wannan ba ta fi ta farko tsabta ba. Waccan ta ce wa wani ba ka cikinmu, wannan ta ce wa kowa ƙuri'arka ado ce. Kuma duk wanda ya yi ƙorafi kan tsadar tiyar hatsi ko kuɗin ɗalibai da ke makara, amsa ɗaya ce: hassada, ko kuwa Lumana ce ta aiko shi. Na ji an ce wa Zabarmawa abin da ba zan rubuta a nan ba, daga bakin mutanen da ke kukan ana yi wa ɗan takararsu ƙabilanci.

Wani abu na nahawu ya taimaki ɓangarorin biyu. Hausa tana da «mu» ɗaya tak. Fulatanci yana da biyu: enen, mu da kai da nake wa magana, da minen, mu ban da kai. Bafulatani dole ya zaɓa, ya nuna ko ya sa ka ciki. Mu kuwa ɗan siyasa na iya cewa «ƙasarmu», «namu ne», «lokacinmu ne», kowa cikin taro ya ɗauka da shi ake, sai bayan zaɓe a gane wace «mu» ce. Arewa ta taɓa shan wannan «namu». Baré Maïnassara ɗan gidan Dumega ne, shi ya kifar da Ousmane ranar 27 ga Janairu 1996, kuma har aka kashe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999 mutanenmu na cewa namu ne ke bisa. Ku je ku dubi hanyar Lugu, ku gaya mini abin da namu ya bari. Wannan ba zagin mamaci ba ne, tambaya ce ga wakilin suna.

Abin da ba a faɗa ba ma na rubuta shi, a shafin ƙarshe na kayen, kuma gajere ne don ba a faɗe shi ba. Ranar 2 ga Janairu an kashe mutum wajen ɗari a Tchombangou da Zaroumdareye cikin jahar Tilaberi. A kwana biyar ɗin nan sau ɗaya na ji an ambace su a fadarmu, shi ma don a ce laifin wane ne. Ranar zaɓen kanta nakiya ta tashi da motar ma'aikatan CENI a wannan jahar, bakwai suka mutu, kafin dare an riga an fara yi wa labarin wai.

Wani ɗan fadarmu ya ce mini ai duk wasa ne, kamar na Ba'are da Bafulatani. Ban yarda ba. Wasan taubasai ido da ido ake yin shi, wanda ka tsokana yana nan zaune, yana da damar ramawa, kuma ku biyu kun san iyakar da ba a ƙetarewa. Ko a gaban Tunguma, ka yarda da dutsen ko kar ka yarda, mai ƙara da kansa yake zuwa, an san fuskarsa, an san gidansu. Vokal ba shi da fuska. Waɗanda suka yi ci-rani a Abijan sun san inda irin wannan wasa ya kai Kodebuwa: an fara da tambayar ko Alassane Ouattara ɗan ƙasa ne, aka ƙare da yaƙi a 2002, kuma da aka zo tantance baƙi a shingayen hanya ba a tambayi ɗan Arewa ra'ayinsa kan Ouattara ba.

Ranar Talata 23 ga wata CENI ta ce Bazoum ya ci da sama da kashi 55, Ousmane ya ce shi ya ci, Yamai ta kama wuta, mutum biyu suka mutu, aka kama ɗaruruwa, aka yanke intanet na waya wajen kwana goma. A kwanakin nan da ba WhatsApp na koma makaranta, na tarar da abokin ɗakina, Balarabe ne daga gabas, wanda muka shekara biyu muna cin garin rogo kwano ɗaya. Bai yi mini sannu da zuwa ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini grup ɗinmu na aji, ga vokal ɗin nan na ranar Laraba, ga sunana a samansa. Ni na tura shi, da daddare, daga kan tudun da muke hawa neman rezo. Na ce masa don nazari na tura, ina son ƴan aji su ji yadda mutumin ke amfani da wai. Ya ce: «Ka rubuta haka a ƙarƙashinsa?» Na duba. Ban rubuta komi ba, sai ɗan hoton nan na fuska mai dariya.

Ya ce: «To malamin harshe, in an tashi korarmu, ka faɗa musu su sa ni motar Difa, don ni ban san kowa a Libiya ba.» Ya ɗauki butarsa ya fita alwala.